Sabuwar Manhaja: Mun Aro Sinanci, Mun Bar Darasin Sinawa

Gab da komawa makaranta a watan Satumba na 2025, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa da ƙaramar minista Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, wadda 'yar Jigawa ce, ta fitar da sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare. An rage wa yara kaya: ɗan aji ɗaya zuwa uku na firamare ba zai ɗauki fiye da darussa 9 ko 10 ba, ɗan ƙaramar sakandare 12 zuwa 14, ɗan babbar sakandare 8 ko 9. An dawo da tarihin Najeriya. An taƙaita darussan sana'a zuwa shida, cikinsu har da haɗa wutar sola, gyaran waya da kwamfuta, ɗinki, kiwo da noman lambu. An kuma sa Sinanci cikin harsunan waje da ɗalibin babbar sakandare zai iya zaɓa, tare da Larabci da Faransanci. Wata biyu bayan haka, a Nuwamba, ministan ya sanar da soke dokar 2022 wadda ta ce a koyar da yaro da harshen uwa a shekaru shida na firamare, ya ce daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga rabin aji. Idan aka jera waɗannan matakai biyu, za a ga abin da ya kamata ya dami kowane uba a Karkarna ko Roni da ke Jigawa: mun buɗe wa harshen Sinawa ƙofa, amma mun juya wa hanyar da Sinawa suka bi suka kai inda suke a yau baya.

Ba mai hankalin da zai ce a rufe ƙofa, domin duniya ta riga ta shigo har tsakar gida. Wayar Tecno ko Itel da ke aljihun manomin Gwiwa ta wani kamfani ce da ke birnin Shenzhen. Faifan solar da ke kan rufin shagon mai cajin waya, da injin ban-ruwan da ke tsotso ruwa a fadamun da ke kewaye da dam ɗin Kazaure, yawancinsu daga can suka fito. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun daɗe suna zirga-zirga zuwa Guangzhou, kuma layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure zai ratsa. Yaron da aka sa a aji ɗaya bana a Yankwashi zai nemi abincinsa ne a wannan kasuwa, ko ya so ko ya ƙi. Saboda haka masu manhaja suna da gaskiya da suka ce a shirya shi. Inda muka saɓa da su shi ne daga ina ake fara shirin.

Wannan ba shi ne karon farko da aka yi wa manhaja garambawul da sunan tafiya da zamani ba. An yi babban taron manhaja a Legas a 1969, wanda ya haifi tsarin ilimi na ƙasa na 1977. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, wanda shi ma alkawarinsa ke nan: kowane yaro ya fita da sana'a a hannu. An sayo injinan koyon fasaha daga ƙasashen gabashin Turai, aka raba wa makarantu, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san yadda ake kunna su. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato. A manhajar shekara tara da ta biyo baya aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa, ga shi yanzu an dawo da shi bayan an yaye yaran da ba su san ko Ɗantunku da ya kafa masarautar Kazaure ba. Duk waɗannan gyare-gyare abu ɗaya suka taɓa, wato jerin darussan da ke kan takarda. Jerin darussa kuwa shi ne abu mafi sauƙin canzawa a harkar ilimi, shi ya sa kowace gwamnati take farawa da shi.

A nan ne ya dace a waiwayi mutumin da Sinawa suke ɗauka a matsayin uban malamansu. Turawa suna kiransa Konfushiyas, mutanensa kuma suna ce masa Kongzi, wato Malam Kong. An haife shi a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, a ƙasar Lu da ke lardin Shandong na yanzu, ya rasu a 479. Ya nemi sarakuna su ɗauki shawararsa bai samu yadda yake so ba, sai ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa, kuma almajiransa ne suka tattara maganganunsa bayan ransa. Abin da ya tsaya a kai bai da yawa. Yana karɓar ɗalibi ba tare da duba gidan da ya fito ba, a zamanin da karatu na 'ya'yan masu sarauta ne. Yana ba ɗalibai biyu amsa daban a kan tambaya ɗaya, gwargwadon halin kowa da matakinsa. Yana ganin maimaita darasi da yin tunani a kansa abokan tafiya ne, kowanne ya rasa ɗan'uwansa ya zama aikin banza. Yana ganin halin malami ya fi maganarsa shiga zuciyar ɗalibi. Mabiyansa kuma sun jaddada cewa komai yana da tushe da reshe, kuma wanda ya fara da reshe ya ɓata aikinsa. Akwai kuma wata ƙa'ida tasa da ta dace da halin da muke ciki, wadda ake kira daidaita sunaye: a tabbata abin da ake kira da wani suna ya cika ma'anar sunan. Ajin da aka rubuta wa "aji huɗu" a ƙofa alhali rabin yaran cikinsa ba sa iya haɗa baƙi, sunansa ya yi ƙarya, kuma duk abin da aka ɗora a kan wannan suna, har da Sinanci da sola, ba zai zauna ba.

Sinawan kansu ba su riƙe Malam Kong hannu bibbiyu a kowane zamani ba, kuma wannan shi ne ya sa labarinsu yake da amfani gare mu. Jarrabawar ɗaukar ma'aikatan sarki da aka gina a kan littattafan mazhabarsa ta yi kusan shekara 1,300 kafin a soke ta a 1905, lokacin da suka ga Turawa da Japan sun bar su a baya. Matasan da suka yi zanga-zanga a 1919 sun ɗora masa laifin ci-bayan ƙasar. A zamanin juyin al'adu na Mao, daga 1966 zuwa 1976, an lalata wuraren tunawa da shi a garinsu Qufu, aka wulaƙanta malamai. Amma a cikin waɗannan rigingimu an yi wani abu da ba a koma baya a kansa ba. A 1920 ma'aikatar iliminsu ta ba da umarnin a daina rubuta littattafan azuzuwan farko na firamare da tsohon harshen malamai, wanda ba wanda yake magana da shi a kasuwa, a koma rubuta su da harshen da ake magana da shi. Daga baya suka sauƙaƙa rubutunsu a 1956, suka wajabta karatun shekara tara a 1986. Da guguwar dunƙulewar duniya ta zo, sun yi babban gyaran manhaja a 2001, suka aro dabarun koyarwa daga Yamma, suka sa Turanci tun daga aji uku na firamare. Sun sa shi ne a matsayin darasi guda. Lissafi da kimiyya suka ci gaba da tafiya da Sinanci. Da malamansu na karkara suka koka cewa wasu dabarun aro ba su dace da azuzuwa masu cunkoson ɗalibai ba, aka sake duba manhajar a 2011, kuma daga 2017 aka ƙara yawan tsofaffin rubuce-rubucensu a littattafan yara.

Abu na biyu da suka riƙe shi ne malami. A makarantun Sin malaman kowane darasi suna da ƙungiya a cikin makarantar, suna zama duk mako su tsara darasi tare, ɗaya ya shiga aji ya koyar sauran suna zaune a baya suna kallo, a fito a tattauna inda yara suka gane da inda suka ɓata. Sabon malami ana haɗa shi da tsohon hannu. Da yaran birnin Shanghai suka zo na ɗaya a gwajin duniya na PISA a 2009 da 2012, har Ingila ta fara musayar malaman lissafi da birnin a 2014, abin da masu zuwa kallo suka tarar ke nan: darasi ɗan kaɗan, an niƙa shi sosai, ba a wucewa gaba sai ajin ya kama. Dole a faɗa cewa Shanghai birni ne mai arziki, ba ya wakiltar ƙauyukan Sin. Amma wannan zama na mako-mako ba ya bukatar wutar lantarki. Malamai biyar a inuwar darbejiyar firamaren ƙauye za su iya yin sa, in an ba su lokaci da jagora.

Yanzu a leƙa ajin da kowa a wannan yanki ya sani. Malami ya juya baya ya cika allo da Turanci, ya karanta layi, yara saba'in ko fiye suka amsa da murya ɗaya, ya sake, suka sake. Ya tambaya ko sun gane, suka amsa da kalmar da aka koya musu cewa sun gane. Sannan ya sassauta murya ya fassara musu da Hausa, a nan ne idanu suke buɗewa. Wannan fassarar ita ce ainihin darasin, amma ba ta cikin littafi, ba ta cikin jarrabawa, kuma yanzu ta saɓa wa umarnin Abuja. Yaron yana kokawa da abu biyu a lokaci guda, yana koyon yadda baƙi yake zama sauti, yana kuma koyon harshen da ba ya ji a gida ko a masallaci ko a kasuwa. Hujjar minista ita ce yankunan da suka rungumi harshen uwa sun fi faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Faɗuwar gaskiya ce, kuma abin kuka ce. Amma lissafin bai fita ba. Ɗalibin da ya rubuta WAEC a 2025 ya shiga aji ɗaya ne wajen 2013, shekara tara kafin a yi dokar 2022, wadda ko littattafanta ba a gama tanada ba aka soke ta. Gaskiya ne tun 1977 takarda ta ce a fara da harshen gida a shekarun farko, sai dai a aikace abin da yaran nan suka samu shi ne wannan gauraye na allo da Turanci baki da Hausa. Inda aka gwada abin da gaske sakamakon daban ne. A shirin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. A Arewa kuma shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara sun bar mana littattafan koyon karatu da Hausa da malaman da aka horar a kansu. Hausa kuwa ba baƙuwar aji ba ce: da ita aka fara koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nassarawan Kano a 1909, da ita aka yi Yaƙi da Jahilci, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa tun 1939.

Wani zai kawo Singafo, kuma mutanen Kazaure sun fi kowa cancantar kawo ta, tun da cibiyar koyon kwamfuta da aka kafa a garin a 2001, zamanin Gwamna Saminu Turaki, da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na Singafo aka fara ta. Singafo ƙasa ce da yawancin mutanenta Sinawa ne, ta zaɓi Turanci a matsayin harshen koyarwa, ta kuma yi fice. Wannan hujja ce mai nauyi. Amma Singafo birni guda ne mai mutane kusan miliyan shida, tashar jiragen ruwa inda yaro yake jin Turanci a titi da gida, kuma tana ɗibar malamanta daga cikin ɗaliban da suka fi ƙoƙari, ta horar da su a cibiya guda, ta biya su yadda ba sa neman wani aikin. Duk da haka ta wajabta wa kowane yaro darasin harshen iyayensa. Wanda yake son Turancin Singafo a Gwiwa sai ya fara kawo malamin Singafo. Akwai ma wani darasi a can. A 1984 gwamnatin ta sa tarbiyyar Konfushiyas a cikin darussan sakandare, ɗalibai kaɗan suka zaɓe ta, kafin a kai ƙarshen shekarun 1980 aka yanke shawarar janye ta. Hali ba ya shiga yaro don an ba shi awa biyu a jadawalin mako, kuma wannan gargaɗi ne ga sabon darasin da manhajarmu ta kawo na zama ɗan ƙasa nagari da al'adun gargajiya.

Wani kuma zai ce Najeriya tana da harsuna ɗaruruwa, kuma Sin ɗin da ake yabo ta ɗora harshe guda a kan kowa, har an yi zanga-zanga a yankin Mongoliya ta Gida a 2020 da aka rage koyarwa da harshen mutanen wurin. Wannan ma gaskiya ne, kuma bai kamata mu kwaikwaye shi ba. A rugagen Fulani na Roni da Yankwashi akwai yaran da Fulatanci suka tashi da shi, kuma hakkinsu ne a fara musu da shi inda aka samu malami, abin da ya sa aka kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989 ke nan. Wahalar da ake sha a unguwar Legas mai harsuna goma ba dalili ba ne na hana yaron Karkarna abin da ke da sauƙi a garinsu, inda kusan duk ajin da malaminsu harshe ɗaya suke yi.

Akwai masu jin ƙyamar a kawo musu sunan wani malamin Sin a maganar tarbiyyar 'ya'yan Musulmi. Ba wanda yake kiran kowa ga aƙidarsa, kuma maganar nan da ta yaɗu a bakin mutane ta neman ilimi ko a birnin Sin ne, malaman hadisi sun raunana ta, don haka ba da ita za a kafa hujja ba. Hujjar ita ce abin da muke gani a wurinsu muna da irinsa a gida. Malaman Musulmin Sin irin su Wang Daiyu da Liu Zhi, a ƙarni na 17 da na 18, sun rubuta littattafan Musulunci da Sinanci suna amfani da kalmomin mazhabar Malam Kong, domin sun ga kusanci a wajen ladabi da girmama iyaye da malamai. Mu kuma a zaurukanmu ana karanta Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda kusan duk batunsa ke nan: niyya, zaɓen malami, farawa da kaɗan, yawan maimaitawa. A duba makarantar allo. Yaro yana farawa da babbaƙu, sai ya san su sarai a kai shi farfaru. Ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya, in ya yi tuntuɓe ya koma ya sake. Yara talatin a tsangaya ɗaya, kowa da inda yake, ba wanda ake turawa gaba don shekara ta ƙare. A makarantar ilimi kuma malam yana jan baƙi ne da Hausa, kalma bayan kalma, daga Ahalari har Risala. Wato malamanmu sun daɗe da sanin cewa harshen waje ana shigarsa ne ta ƙofar harshen gida, kuma sun fitar da mutanen da suka rubuta littattafai da Larabci. Makarantar boko ce kaɗai ta yarda a kai yaro aji na gaba bai biya allonsa ba.

Ba komai na gadon Malam Kong ne abin ɗauka ba. Tsohuwar jarrabawar sarakunan Sin ba ta taɓa karɓar mace ba, mu kuwa muna da Nana Asma'u da 'Yan Taru tun ƙarni na 19. Girmama jarrabawa ya zama azaba ga yara a Sin da Koriya ta Kudu, har gwamnatin Sin ta kafa doka a 2021 ta rage aikin gida da darussan kuɗi na bayan makaranta. Girmama malami kuma yana iya zama tsoron yin tambaya, kuma wannan ciwon muna da namu.

Duk maganar tana komawa kan wanda zai tsaya a gaban allo. Darasin sola yana bukatar faifai da batir da inbata da mitar awon wuta, da mutumin da ya taɓa haɗa su da hannunsa ya san abin da ke faruwa in aka juya waya. Masu wannan sani suna nan, a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da cikin ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Manhajar ba za ta kawo su aji da kanta ba. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji, fiye da 21,000 suka kasa, kuma babu dalilin zaton maƙwabta sun fi ta. Laifin bai tsaya kan malaman ba, domin su ma wannan ajin na amshi ne ya yaye su, kuma aikin da ake shiga don an rasa wani ba zai jawo zaƙaƙurai ba. A ranar malamai ta 2020 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin albashi na musamman ga malamai. An ƙara shekarun ritayar malamai zuwa 65 a wata doka ta 2022, amma malamin ƙauye yana nan yana jiran sauran. Shirin J-Teach na Jigawa, na ɗaukar malaman wucin gadi, ya rage giɓi, sai dai malamin wucin gadi da bai san makomarsa ba da wuya ya zauna ya ƙware.

Ilimi yana cikin abubuwan da tsarin mulki ya raba tsakanin tarayya da jihohi, kuma makarantun firamare a hannun hukumar SUBEB ta Dutse da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi suke. Jigawa tana da ikon ta ce yaranta za su koyi karatu da rubutu da lissafin farko da Hausa, a ba su Turanci kowace rana tun daga aji ɗaya a hannun wanda ya iya shi, a riƙa ƙara shi har ya karɓi ragamar a manyan azuzuwa. Tana da ikon ware wa malamai awa biyu a mako su zauna su tsara darasi tare. Sinanci kuma a bar shi ga babbar sakandare da manyan makarantu, inda wanda ya ƙware a karatu zai ɗauke shi ya amfana. 'Yan majalisar da ke wakiltar Kazaure da Roni da Gwiwa da Yankwashi da Babura su kai wannan magana zauren majalisa a Dutse. Iyaye da 'yan kwamitin kula da makaranta kuma kada su jira Dutse: a wannan zangon, a je makarantar unguwa, a kira ɗan aji uku, a miƙa masa shafi ɗaya na Hausa ya karanta, a ƙirga nawa suka iya, a rubuta adadin a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.